Modem na Ciki da Modem na Waje: Nazari a kan Ɗorewar Haɗin Intanet ta Layin Tarho a Birnin Riyad

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi muhawarar da aka sha yi a ƙarshen ƙarni na 20 a kan wane modem ne ya fi riƙe haɗin intanet, na ciki ko na waje. An ɗauki birnin Riyad na ƙasar Saudiyya a matsayin misali, daga shekarar 1999 da aka buɗe wa jama'a intanet. Maƙalar ta nuna cewa ɗorewar haɗi ta fi dogara a kan ƙirar modem da ingancin layin tarho fiye da gurbin da aka ajiye shi.

1.0 Gabatarwa

Modem na'ura ce da ke mayar da bayanan kwamfuta su zama sauti domin su bi ta layin tarho, sannan ta mayar da sautin da ya iso ya koma bayanai. A zamanin da ake magana, shiga intanet kiran tarho ne: kwamfuta ta buga lambar kamfanin intanet, modem biyu su gaisa da ƙara, haɗi ya ƙullu. Idan kiran ya yanke, an yi asarar kuɗin kira, wani lokaci har da kundin da aka kwashe sa'a guda ana saukewa. Don haka zaɓin modem ya zama batun aljihu ga ɗalibi da malami da ɗan kasuwa.

2.0 Yadda Intanet ta Shiga Riyad

A shekarar 1997 Majalisar Ministocin Saudiyya ta ɗora wa Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdul'aziz da ke Riyad, wato KACST, alhakin shigo da intanet ƙasar. An buɗe ta ga jama'a a farkon 1999. Tsarin yana da hawa uku. Kamfanin sadarwa na STC, wanda aka kafa a 1998, shi ne mai layukan tarho. Kamfanoni masu lasisi, irin su Awalnet da Naseej, su ne ke sayar wa jama'a damar shiga. Duk wata buƙata ta buɗe shafin ƙasar waje kuwa sai ta ratsa kwamfutocin KACST masu tace shafuka kafin ta fita. Ma'ana, ƙasar tana da ƙofa guda ce zuwa duniya, kuma ƙofar tana Riyad.

Buɗewar ta zo daidai da sabon mizanin V.90, wanda Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta amince da shi a 1998. Mizanin ya kawo ƙarshen gasar tsarin x2 na kamfanin USRobotics da K56flex na Rockwell da Lucent, ya kuma ba da damar sauke bayanai har kilobit 56 a daƙiƙa da aika su a kan kilobit 33.6.

3.0 Bambancin Ƙira

Modem na ciki kati ne da ake sokawa a ramin babban allon kwamfuta, ko ramin ISA ko na PCI, yana kuma shan wuta daga kwamfutar. Modem na waje ɗan akwati ne mai adaftarsa da fitilunsa, wanda ake haɗawa da kwamfuta ta kebul ɗin RS-232, daga baya kuma ta USB.

Cikakken modem yana da sassa biyu masu aiki. Na farko yana sarrafa sauti, na biyu yana kula da umarni da gyaran kurakurai bisa mizanin V.42 da matse bayanai bisa V.42bis. Domin rage farashi, kamfanoni suka riƙa ƙera katunan da aka cire wa sashe na biyu, ko ma dukkan sassan biyu, aka ɗora aikin a kan furosesar kwamfuta ta hanyar manhaja. Su ne aka sani da Winmodem, saboda galibi a kan Windows kaɗai suke aiki. Mafi yawan katunan PCI masu araha irin wannan ne, alhali modem na waje mai kebul ɗin RS-232 kusan kullum cikakke ne. Daga nan ne modem na waje ya samo sunansa na ƙarko.

4.0 Dalilan Yankewar Haɗi

Dalili na farko shi ne nauyin aiki. Sarrafa sauti ba ya jira. Idan furosesa ta shagala da wani aiki, modem mai dogaro da ita yana iya rasa wani yanki na sautin, sai ya nemi sake daidaitawa da takwaransa. Idan daidaitawar ta gaza, kira ya yanke. Cikakken modem, ko na ciki ne, ba ya fama da wannan matsala, kamar yadda modem na USB marar cikakkun sassa bai tsira daga gare ta ba duk da yana waje.

Na biyu shi ne layin tarho. An gina shi ne domin muryar ɗan Adam, tsakanin haz 300 zuwa 3,400. V.90 ba ya aiki sai kamfanin intanet yana haɗe da cibiyar tarho ta hanyar dijital, kuma sau ɗaya tak aka juya bayanan suka zama sauti a hanya. In ba haka ba, sai gudun ya sauko zuwa kilobit 33.6 ko ƙasa da haka. Tsohuwar waya a bango, da yawan kawunan tarho a layi guda, da ƙarar da ke sanar da shigowar kira na biyu, duk suna iya tsinka haɗi. Sai a mizanin V.92 na shekarar 2000 aka tanadi hanyar jingine haɗi domin amsa kira.

Na uku shi ne muhalli. Kati yana zaune cikin zafin akwatin kwamfuta da ƙurarsa da hayaniyar lantarkinsa, a garin da zafin bazara ke haura maki 40. Sai dai modem na waje ma yana da nasa rauni. A gidajen Saudiyya na lokacin ana samun soket mai bolt 127 da mai bolt 220, kuma kuskuren soka adafta a inda bai dace ba yana iya ƙona ta.

5.0 Gano Inda Matsala Take

Babbar fa'idar modem na waje ita ce fitilunsa. Fitilar CD tana nuna cewa haɗi da ɗaya modem ɗin yana nan, fitilun SD da RD kuma suna ƙiftawa idan bayanai na fita ko shigowa. A tsarin Riyad mai hawa uku wannan yana da muhimmanci. Idan CD ta mutu, matsalar tana tsakanin gida da kamfanin intanet. Idan tana kunne amma RD ta yi shiru, kiran yana nan, jinkirin daga gaba yake, ko a kamfanin ko a ƙofar fita ƙasar, kuma sauya modem ba zai magance shi ba. Haka nan idan modem na waje ya cije, ana kashe shi a kunna shi kaɗai, amma kati sai an sake tayar da kwamfutar baki ɗaya.

6.0 Kwatanci da Ƙasar Hausa

A Kano da Zariya da Sakkwato ma'aunin ya ɗan bambanta. Kafin zuwan wayar salula ta GSM a 2001, layukan NITEL masu aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, saboda haka samun layin shi ne matsala ta farko. Yawan ɗaukewar wuta ya sa dole a haɗa adaftar modem na waje da batirin ajiyar wuta, in ba haka ba haɗi ya yanke ko da kwamfuta tana kunne. A gefe guda, tsawar damina da ta biyo layin tarho tana iya wucewa ta kati ta lalata babban allon kwamfuta, alhali modem na waje yakan tare ɓarnar a jikinsa.

7.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa fifikon da aka ba modem na waje yana da tushe, amma tushen shi ne cikar sassansa da sauƙin gano matsala ta fitilunsa. Haɗin intanet sarƙa ce mai gaɓoɓi da yawa, kuma a Riyad gaɓoɓin sun kama daga soket ɗin ɗaki har zuwa KACST. Wannan hanyar bin diddigi tana da amfani har yau ga mai fama da rauta ko wayar hannu: ya fara tantance gaɓar da ta gaza kafin ya kashe kuɗi a kan sabuwar na'ura.