Ɗan Wasa a Ajin Lauyoyi

Ranar 22 ga Maris, 1980, tawagar Nijeriya, Green Eagles, ta lallasa Aljeriya da ci uku da nema a filin wasa na Surulere da ke Legas, Nijeriya ta ɗauki Kofin Nahiyar Afirka a karon farko. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Cikin 'yan wasan gaban da koci Otto Gloria ya dogara da su a gasar akwai Adokiye Amiesimaka, wanda mai sharhin rediyo Ernest Okonkwo ya laƙaba wa "Chief Justice", domin yana karatun lauya a Jami'ar Legas ya shiga sahun masu buga wa ƙasa. Laƙabin bai faɗi ƙasa banza ba. Daga baya ya zama Antoni Janar na Jihar Ribas, yau kuma akwai babban filin wasa a Fatakwal mai ɗauke da sunansa.

Masu yi wa matasa nasiha suna son wannan labari. Sukan ce ga shi nan, idan akwai himma komai mai yiwuwa ne. Himma tana da nata rabon, amma ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Ƙwallon zamanin Amiesimaka bai cinye rayuwar ɗan wasa gaba ɗaya ba: da yawansu ma'aikatan banki ne ko na hukumomin gwamnati ko ɗalibai, sai an tashi aiki a fita atisaye. Haka ma Eniola Aluko, haifaffiyar Legas da ta buga wa Ingila wasa 102. Ta je Gasar Kofin Duniya ta mata a Sin a 2007 tana ɗaliba, ta kuma fita da digiri mai daraja ta ɗaya a fannin shari'a daga Jami'ar Brunel a 2008, shekaru goma kafin babbar gasar mata ta Ingila ta zama sana'a ta cikakken lokaci. Alan Page na Minnesota Vikings ya sami digirin lauya a 1978 yana tsaka da buga ƙwallon Amurka, har ya kai ga zama alƙalin kotun ƙolin jihar Minnesota a 1993. To amma kakar wasansu 'yan watanni ce, ragowar shekara tasa ce. Dukkansu sun tarar da giɓi a cikin kalanda, suka cusa karatu a ciki.

Wannan giɓi ne ya toshe wa yaron yau. Gasar ƙwararru ta Nijeriya tana da ƙungiyoyi 20, kowacce da wasa 38 a kaka, rabinsu a gidan abokan hamayya. Ɗan wasan Kano Pillars da zai kara da Enyimba a Aba, idan a mota aka tafi, ya ba hanya kwanaki zuwa da dawowa. Ga atisayen safe, ga zaman sansani, ga jinyar rauni. Jikin da aka gasa a rana da safe barci yake nema da yamma, ba hukuncin kotu mai shafi arba'in ba. Shekarun ganiyar ɗan wasa kuwa su ne dai shekarun jami'a, kuma babu wanda ke jiran wani.

Karatun lauya a nasa ɓangaren ba ya sassauci. Shekara biyar ne a jami'a ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, sannan kusan shekara guda a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, mai hedikwata a Bwari da rassa a wurare irin su Bagauda da Yola. Majalisar Ilimin Shari'a ba ta karɓar digirin lauya da aka yi ta karatun wucin gadi, don haka ƙofar da ɗalibin akanta ko na harkar kasuwanci zai bi ta ajin dare ko na ƙarshen mako a rufe take. Jami'o'i da dama kuma ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci. Idan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya shigo, kamar na 2022 da ya ci wata takwas, jarrabawar da aka tsara a lokacin hutun gasa sai ta faɗo tsakiyar kaka. A nan ne iyaye ke cewa taura biyu ba ta taunuwa, yaro ya zaɓi ɗaya.

Ni ban goyi bayan a rage wa ɗan wasa maki ko a sauƙaƙa masa tambaya ba. Wanda zai tsaya gaban alƙali da haƙƙin mutane a wuyansa dole ya san aikinsa, ko kofi nawa ya ɗauko. Abin da ya kamata a lanƙwasa lokaci ne. A bar shi ya ɗauki kwasa-kwasai kaɗan a zango, digirin ya kai shi shekara bakwai idan ta kama. A ba shi damar rubuta jarrabawar da ta ci karo da kiran tawagar ƙasa a wata rana, ƙarƙashin sa ido iri ɗaya. Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'idoji a kan haɗa wasa da karatu tun 2012. Mu ma muna da NUGA, wasannin jami'o'in da aka fara a Ibadan a 1966, sai dai gasa take shiryawa. Yarjejeniya a rubuce tsakanin tsangayar shari'a da ƙungiyar da ke biyan ɗan wasa albashi ita ce abin nema, a sa ta cikin kwantiragi tun ranar sa hannu.

Fagen wasa da kansa yana buƙatar irin waɗannan mutane. Kowace kaka sai an ji 'yan wasa suna kukan bashin albashi da kuɗin sa hannu, wasu kuma dillali ya miƙa musu takarda sun rattaba hannu ba su san abin da ke ciki ba. Hukuncin Bosman na 1995, da ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare 'yancin sauya ƙungiya a Tarayyar Turai ba tare da an biya kuɗi a kansa ba, a kotu aka same shi. A 2017 Aluko ta zauna gaban kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ta ba da shaida kan kalaman wariyar launin fata da aka yi mata a tawagar ƙasa, hukumar ƙwallon Ingila kuma ta fito ta ba ta haƙuri.

Shekarar Makarantar Lauyoyi ita ce ban ga yadda za a raba ta ba: aji ne kullum, da zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauyoyi, sannan jarrabawar ƙarshe. Mafita a nan ita ce ƙungiya ta ba ɗan wasa hutun kaka guda, ta ajiye masa gurbinsa. Ken Dryden, mai tsaron ragar Montreal Canadiens a wasan ƙwallon gora na ƙanƙara, ya ajiye wasa a kakar 1973 zuwa 1974 bayan saɓani kan albashi, ya yi ta yana koyon aiki a ofishin lauyoyi a Toronto. Da ya dawo, ƙungiyar ta ɗauki Kofin Stanley sau huɗu a jere, daga 1976 zuwa 1979, yana tsare mata raga.