TSOHUWAR LAND ROVER: A FARA GYARA DAGA ƘASA

Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure ta ratsa Daura har Kwangwalam, bakin iyakar Nijar, kowace mota tana iya bin ta. Amma wanda zai ratse zuwa ƙauyukan Baure ko na Zango ko na Sandamu, inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara, ko zai ɗauko kaya daga can zuwa kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, tilas ya nemi motar da ke ja da ƙafa huɗu. Shi ya sa har yanzu a kan sami mai son ta da tsohuwar Land Rover da ta daɗe a yashe a gareji. Mun ga ya kamata mu yi bayanin aikin, musamman saboda ma'aikata da malaman makaranta, waɗanda za su zuba albashinsu ko kuɗin ƙungiya a ciki, don su san abin da za su tambayi makanike.

Kamfanin Rover na Ingila ya fara nuna wannan mota a watan Afrilu 1948. A lokacin ba a daɗe da gama Yaƙin Duniya na Biyu ba, ƙarfe ya yi wuya, sai suka yi bodinta da alminiyam, suka ɗora shi bisa shasi na baƙin ƙarfe. Shasin kamar tsani ya ke: dogayen ƙarafa biyu masu rami a ciki, an haɗa su da gajeru a gicciye. A zamanin En'e ita ce motar rangadi a ƙasar Arewa. Samfurin da mu ke magana a kai shi ne na 1958 zuwa 1985, watau Series II da IIA da III. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, akwai doguwa mai inci 109.

To, a nan ne mai saye ya ke ruɗuwa. Alminiyam ba ya tsatsa, saboda haka bodi ya kan yi shekara hamsin yana kyaun gani alhali abin da ke ɗauke da shi ya mutu. A Ingila gishirin da a ke zubawa a hanya lokacin sanyi shi ke cin shasi, kuma motar da aka shigo da ita daga Turai ta kan zo da wannan cuta. A ƙasar Daura damina gajera ce, ba a kuwa zuba gishiri. Abin da ke kashe shasi a nan gargada ce da lodin da ya wuce kima, su ke sa ƙarfe ya tsage. Duk da haka taɓon da ya shige ramin ƙarfen da damina ya kan riƙe laima ya ci shi daga ciki.

Ba a iya sanin gaskiyar shasi sai an sauke bodi, kuma sauke shi ba wuya tun da da noti aka ɗaure shi. In an wanke shasin an kankare, sai a bi shi da guduma: lafiyayyen ƙarfe ya kan yi ƙara tas, rubabbe kuwa sai ya yi dum. A dubi ƙarfen gicciye na can baya, da hannuwan da ke tallafe da bodi a gefe, da wuraren da a ke rataya sifirin. Sa'an nan a auna da igiya daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake auna ɗaya ɓangaren. In awon bai zo ɗaya ba, shasi ya murɗe, motar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Wajen walda mu ke roƙon a sa ido. Liƙa faranti bisa tsatsa ɓoye ciwo ne kawai. A yanke rubabben wurin har a kai lafiyayye, a sa ƙarfe mai kauri daidai da na asali. Inda ya tsage, a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, kana a yi walda. Wani abu kuma da akawu zai fi kowa gane muhimmancinsa: lambar shasi tana buge a marataya sifirin ta gaba ta hannun dama. In mai walda ya yanke wurin ya yar, motar da takardunta sun rabu ke nan, kuma wannan ba ƙaramar wahala ba ce ga mai zirga-zirga kusa da iyaka.

Sai abin da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi. Daga kuloci ƙarfin ya kan shiga akwatin giya, ya wuce ƙaramin akwatin da ke bayansa mai raba shi biyu, farfela ɗaya ta kai gaba ɗaya ta kai baya. Direba yana da sanda mai kai rawaya, in ya danna ta ƙafafun gaba su kama ja, da mai kai ja, wadda ke rage gudu ta ƙara ƙarfi don rairayi mai zurfi. Amma fa motar ba ta da abin da zai daidaita juyin gaba da na baya. A cikin yashi taya ta kan ɗan zame, babu laifi. A kan kwalta kuwa babu zamewa, sai ƙarafan su yi ta murɗa juna har sandar da ke juya tayar baya ta karye. Direban da ya hau kwalta bai cire taimako ba shi ya karya ta.

Don wannan dalili lalle haƙoran aksul na gaba da na baya su zama iri ɗaya. Na wannan samfuri, farfela ta kan juya sau 4.7 kafin taya ta juya sau ɗaya, na Range Rover ta farko kuwa sau 3.54. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano sayen kayan gyara, ya ƙidaya haƙora kafin ya biya, don a ido kusan kamarsu ɗaya. Tayoyi huɗun ma girmansu ya zama ɗaya.

A bayan kowace ƙafar gaba akwai wani ƙwallon ƙarfe mai sheƙi inda ƙafar ke karyawa in an juya sitiyari, da mai a cikinsa. Rairayi ya kan goge shi ya yi masa zane, robar da ke tsare man ta lalace, mai ya zube, boris ya ƙone. A duba kuma 'yar ƙofar numfashi da ke bisa kowane aksul, domin in ƙura ta toshe ta zafi ya kan tura mai cikin birki. Birkin hannu ma a bayan ƙaramin akwatin nan ya ke, yoyon mai kaɗan ya isa ya hana shi kamawa. Man duk waɗannan wurare mai kauri ne, lamba 90, ba man inji ba. Kada kuma a yi saurin zargin akwatin giya: kafin Series III ta 1971, giya ta ɗaya da ta biyu sai an taka kuloci sau biyu su ke shiga ba ƙara.

Shawararmu ga mai biya ita ce ya raba kuɗin kashi kashi: shasi tukuna, ya gani da idonsa kafin a mayar da bodi, sa'an nan giya da aksul da birki, fenti a ƙarshe in kuɗi ya saura. Bayan tafiyar farko a kan gargada a komo gareji a sake ɗaure notocin sifirin da na farfela, gama sababbin ƙarafa su kan zauna su saki.