Kanula

Kanula wani ɗan siririn bututun roba ne da ake zurawa cikin jijiyar jini domin yi wa majiyyaci ƙarin ruwa, ƙarin jini, ko ba shi magani. Tana zuwa ne da allura a cikinta. Idan allurar ta huda jijiya sai a zare ta, a bar robar a ciki, a ɗaure da filasta.

Tarihi

A shekarar 1832 wani likita ɗan Sikotilan, Thomas Latta, ya yi wa masu kwalara ƙarin ruwan gishiri ta jijiya. An daɗe ana amfani da allurar ƙarfe, wadda kan fasa jijiya idan majiyyaci ya motsa. A 1950 David Massa na asibitin Mayo da ke Amurka ya ƙirƙiro ta roba.

Girma

Ana gane girman kanula da launinta: kore lamba 18, ruwan hoda 20, shuɗi 22, rawaya 24. Mafi girman lamba ita ce mafi siranta, shi ya sa ake sa wa jarirai mai rawaya.

Wahalar samun jijiya

A nan ne haɗarin yake. Yaron da amai da gudawa suka ƙarar wa ruwan jiki jijiyoyinsa kan lafe, alhali shi ne ya fi buƙatar ruwan da gaggawa. Irin waɗannan yara ake kaiwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero, da ke kusa da Gidan Sarki, da kuma Asibitin Murtala na Ƙofar Mata, musamman da damina. Duk sukar da ba ta dace ba tana ɓata jijiya guda, tana jinkirta magani, tana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Idan robar ta kauce, ruwan kan taru a cikin nama, wurin ya kumbura.

Na'urorin da ke sauƙaƙawa

Akwai fitilar da ake haska tafin hannun jariri da ita, jijiya ta fito kamar baƙin zare. Akwai kuma na'urar da ke nuna hoton jijiyoyi a kan fata, sai dai bincike bai tsaya a kan cewa tana rage yawan suka ba. Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu ciki da ita, ta fi amfani ga wanda jijiyarsa ta yi zurfi, amma tana da tsada kuma sai an koya.

Wata kanular tana da ɗan ƙarfe da ke rufe bakin allura da zarar an zare ta. Wannan yana kare ma'aikatan jinya da masu shara daga sukar da ka iya sa musu ciwon hanta ko cuta mai karya garkuwar jiki. Amurka ta yi doka kan irin waɗannan kayan a shekarar 2000.

Idan jijiya ta faskara kuma rai na cikin haɗari, likita kan sa allura ta musamman a ƙashin ƙwauri, ruwan ya bi ta ɓargo.