Sha Biyar Ko Hamsin? Inda Turanci Ke Yaudarar Kunnen Yaranmu

Wani ɗalibina a nan Fijirose ya raka kawunsa Legas sarin kaya lokacin hutu. Suna tsallake iyakar Seme sai kawun ya ce, "To ɗan boko, yau ranarka ce." A kasuwa mai kaya ya ce "fifty", yaro ya ji "fifteen", ya shaida wa kawu dubu goma sha biyar ne. Har an ɗaure kaya kafin a gane dubu hamsin ake nufi. Ya dawo yana ce mini, "Malam, Turancin nan ba shi da amana."

Gaskiya mu malamai muna da namu laifin. Yaranmu da Faransanci suke fara karatu, Turanci kuwa yawanci a allo suke haɗuwa da shi: a jera kalmomi, a kwafa, a haddace, ba a ji su a bakin kowa ba.

Akwai kalmomin da furucinsu ya bambanta, kunne ne bai saba ba, kamar "ship" da "sheep", ko "pull" da "full" da ke ba Bahaushe wahala. Maganinsu yawan saurare.

Amma "meat" da "meet", ko "write" da "right", furucinsu ɗaya ne tak. Na sha jin malami yana jan "meat" wai don yara su ji bambanci. Wahalar banza! Bature ma bai raba su. A da can sun bambanta, har "w" ɗin "write" ana furta shi. Baki ya canza, rubutu kuwa ya soma tsayawa wuri ɗaya bayan da aka fara buga littattafai a Ingila a 1476.

To, mu Hausawa ai wannan ba baƙonmu ba ne. A rubuce, "wuya" na jiki da "wuya" ta sha'ani ɗaya suke, haka "kuka" da "gari". Yaron da uwarsa ta aika Dantokpa sayen gari bai taɓa tsammanin Kwatano zai ɗebo a kwano ba, domin sauran zancen ya fayyace masa. Shi ya sa na daina ba da kalma tsirara, sai cikin jimla, kuma ran Jumma'a mukan mai da aji kasuwa, ana ciniki da Turanci.

Ɗalibin nawa kuwa, yanzu in an faɗa masa kuɗi sai ya miƙa biro ya ce a rubuta.