Aikin Lauya a Ƙungiyoyin Kare Daji da Namun Daji na Amurka

Wajen kashi 28 cikin ɗari na ƙasar Amurka, wato kimanin eka miliyan 640, mallakar gwamnatin tarayya ne. A cikinsa akwai gandun daji da makiyaya da wuraren da aka keɓe wa namun daji. Hukumomi ne ke riƙe da wannan amana, su ne kuma masu ba da izinin sarar itace ko haƙar ma'adinai. To, idan hukuma ta karkata, wa zai kai ta ƙara, tun da yake kurmi ba ya magana? Daga wannan tambaya ce sana'ar lauyan ƙungiyar sa-kai ta samo tushe.

Shari'ar da ta fi fito da al'amarin fili ita ce ta kwarin Mineral King da ke Kalifoniya, inda kamfanin Disney ya yi niyyar gina wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ƙungiyar Sierra Club ta kai ƙara, amma a 1972 Kotun Ƙoli ta ce ba ta da hurumin shigar da ita, domin ba ta nuna cutar da za ta shafi 'yan ƙungiyar su kansu ba. Mai Shari'a Douglas ya saɓa wa wannan hukunci, yana ganin ya kamata a bari a yi ƙara da sunan kwarin kansa, kamar yadda ake yi da sunan jirgin ruwa ko kamfani. A zahiri ƙungiyar ta faɗi, amma kotun ta nuna mata hanya: in dai akwai ɗan ƙungiya da ke zuwa wurin, ɓata masa kyan wurin ma cuta ce. Lauyoyin suka gyara takardunsu suka koma kotu. Ba a yi ginin ba, a 1978 kuwa aka haɗe kwarin da gandun Sequoia. Sashen lauyoyin da aka kafa a 1971 saboda irin wannan ƙara shi ne ya zama Earthjustice a 1997, kuma ba ya karɓar ladan aiki daga waɗanda yake wakilta.

Kada ɗalibi ya ɗauka kullum a gaban alƙali ake yini. Mafi yawan aikin karatun fayil ne: bin rahoton da dokar 1970 ta wajabta wa hukuma ta rubuta kan illar da aikinta zai yi wa muhalli, da zama da masana dabbobi, da rubuta ƙorafi kafin wa'adi ya cika. Albashin bai kai na lauyan kamfani ba, nasarar ma ba ta da tabbas. A 1978 Kotun Ƙoli ta dakatar da madatsar ruwa ta Tellico saboda wani ɗan ƙaramin kifi da dokar 1973 ta kare, amma shekara guda bayan haka Majalisa ta cire madatsar daga ƙarƙashin dokar, aka rufe ƙofofinta.

Batun hurumi bai tsaya a Amurka ba. A 2018 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yarda wata ƙungiyar sa-kai ta kai kamfanin man fetur na ƙasa ƙara kan malalar mai a Jihar Abiya.