Idan Yarinya Ta Balaga Amma Jinin Al'ada Bai Fito Ba

Akwai 'ya'ya mata ƙalilan da ake haifa da tantanin da ya toshe bakin farji gaba ɗaya. Yawanci ba a ganewa sai yarinya ta balaga. Kowane wata mara ta yi ta ciwo, jini kuwa yana taruwa a ciki, har mara ta kumbura a zarge ta da ɗaukar ciki.

Iyaye, idan kun ga haka, ko 'yarku ta kai shekara 15 ba al'ada, ku kawo ta asibiti. Dubawar likita da hoton ciki kan nuna matsalar. Ƙaramin aiki ake yi a buɗe hanya, kuma yawancinsu suna haihuwa lafiya daga baya. Kada a kai ta wurin wanzami, domin yankan gishiri kan jawo zubar jini da yoyon fitsari.