Yadda Za Ku Bi Sawun Kayan da Kuka Saya Daga Ƙasashen Waje

Manoma da 'yan kasuwa da yawa yanzu suna sayen ƙananan kayan aiki daga Sin ko Ingila ta intanet, kamar bakin famfon feshi, ko ma'aunin damshin hatsi, ko irin kayan lambu. To, bayan an biya kuɗi, ta ƙaƙa mutum zai san inda kayansa suka kwana?

Da fari dai ku matsa wa mai sayarwa ya ba ku lambar ƙunshin. In ta gidan waya ya aiko, lambar gurbi 13 gare ta: haruffa biyu a gaba, alƙaluma tara a tsaka, sa'an nan haruffa biyu a ƙarshe. Wannan tsari na Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ne, wadda aka kafa a 1874. Haruffan ƙarshe su ke nuna ƙasar da kaya suka fito, watau CN Sin ke nan, GB Ingila, NL Holan. Harafin farko kuwa irin aiken ya ke faɗi: R mai rajista, E na gaggawa, C babban ƙunshi. Ku lura da wanda ya fara da U, domin sau da yawa da ya bar ƙasar mai sayarwa sai labarinsa ya ɗauke. Ni a ganina, kaya masu tsada ba su cancanci wannan araha ba.

Sai ku rubuta lambar a shafin gidan wayar ƙasar da ta aiko, daga baya kuma a na NIPOST. In kun ga shiru na kwanaki kada hankalinku ya tashi. Ba a rubuta labarin ƙunshi sai inda ma'aikaci ya haska lambarsa da na'ura, ga shi kuwa yakan daɗe cikin buhu yana jiran jirgi, ko a hannun kwastan.

Masu sayen iri su ne da babban aiki. Ba a shigo da iri Nijeriya sai da izinin hukumar NAQS mai tsare ƙasa daga cututtukan tsiro da dabbobi, da kuma takardar shaidar lafiyar irin daga ƙasar da ya fito. In babu su, ana iya riƙe ƙunshin a halaka shi, kuɗi sun tafi ke nan. Saboda haka a nemi izinin kafin a biya ko kwabo.

Irin albasa ba shi da juriya, zafi da damshi suna kashe shi da wuri. Wanda ke nufin noman rani ya yi odarsa tun damina tana tsaka, ran da lamba ta nuna kaya sun iso kuma ya ɗauki katin shaidarsa ya tafi gidan waya ya karɓa.